Mangwaron Baba

Ku yi mani afuwa, wannan makon mun ɗan jingine labarinmu, domin wata baiwar Allah ta aiko mani da tambaya a kan lemon da ta shuka shekara shida ke nan ko fure bai taɓa yi ba, har ta fara zargin sammu aka yi mata. Da na karanta sai na yi dariya, daga baya kuma hawaye suka zo mani, saboda ni ma na bi ta wannan hanyar.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mutumin Kurfi ne, kuma duk rayuwarsa a lambu ya yi ta. Akwai wani mangwaro ɗan aure a bakin rijiyar lambun, ba zare ko ɗaya a cikinsa, da cokali muke shan shi muna yara. Baba ya rasu a bazarar 2014, daidai lokacin da iccen ya nuna. Ranar da zan komo ɗakina a Dutsin-Ma, Inna ta ƙulla mani guda biyar a leda. Na sha, na ɓare ƙwallo ɗaya na binne a tsakar gida kusa da wurin wanke-wanke, don kada ya rasa ruwa. Bayan rabon gado aka sayar da lambun, wanda ya saya kuma ya sare itatuwan ya yanka filaye. Ke nan abin da ya rage mani na Baba shi ne wannan ɗan tsiron.

Gata kam ya ga gata. Ruwan wanke-wanke da na alwala duk a gindinsa suke ƙarewa, rani da damina. Kashin kajina a nan nake juye shi, idan maigida ya sayo takin zamani kuwa sai na saci gwangwani guda na yuriya na barbaɗa mashi. Icce ya tashi ya wuce katanga, ganye kore shar kamar an shafa mai. Duk hunturu sai in ga mangwaron maƙwabta ya yi fari da huda, ƙudaje na ta bubbuga a kai, nawa kuwa sai sabon ganye ja yake fitarwa. Haka muka yi shekara bakwai.

To tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ɗakin haya ya zama kuɗi a garin nan. A ƙarshen daminar 2021 maigida ya zaunar da ni ya ce yana so ya fitar da ɗaki biyu ta wajen katanga ya ba ɗalibai haya, kuma iccen ya tsaya a daidai inda gini zai bi. Ya ce, "Maman yara, ki yi mani adalci, iccen da ba ya haihuwa mi za mu yi da shi? Ga kuɗin makaranta na jiran mu." Gaskiya ya faɗa, ban da abin cewa. Na dai roƙe shi ya ba ni hunturu ɗaya, idan bai yi huda ba ni da kaina zan kira mai gatari.

Washegari na shiga mota zuwa Kurfi wajen Kawu, ƙanen Baba, wanda tare suka yi aikin lambu. Ya biyo ni har gida. Ya zagaya iccen sau biyu bai ce uffan ba, ya duƙa ya damƙi ƙasar gindin, sai ga ruwa na tsatsowa ta tsakanin yatsunsa.

Ya ce, "Ɗiyata, mi kike ba shi?"

Na lissafa mashi cike da alfahari. Ya girgiza kai ya ce, "Ai ke kika hana shi. Kin taɓa ganin ɗan da aka shagwaɓa ya yi tunanin aje iyali?"

Daga nan ya zauna a tabarma ya warware mani abin dalla-dalla, ni kuma zan faɗa maku yadda na riƙe. Na farko shekaru. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan ɗauki shekara 5 zuwa 8 kafin ya fara huda, wani ma ya wuce haka, alhali ɗan aure a shekara 3 ko 4 yake farawa, domin reshen da aka ɗaura mashi daga balagaggen icce aka yanko shi. Lemo ma haka yake. Na biyu ruwa. Mangwaro yana son ya ji ƙishi bayan ɗaukewar damina, ya daina fitar da ganye ya huta, sannan sanyin hunturu ya same shi a haka, to a nan ne kan reshe ke juyewa ya zama huda. Nawa bai taɓa sanin rani ya shigo ba. Na uku taki. Yuriya da kashin kaji abincin ganye ne, idan suka yi yawa icce sai ya yi ta ƙiba. Na huɗu inuwa, don bedin da ke bayan katangarmu ya rufe mashi rana tun daga hantsi. Na biyar kuwa shi ya fi ba ni kunya: duk kaka ina sa yara su datse kawunan rassan da suka leƙa igiyar shanya, ashe a kan reshe huda ke fitowa.

Ya ƙara da cewa kowane icce da nashi ciwon. Gwanda da dabino idan daga iri aka shuka su ana iya dacewa da namiji, wanda zai yi ta fure amma ba zai ɗaura ɗa ba, don haka a fara duba wannan kafin a zargi maƙiya.

Muka haƙa 'yar kwata muka karkatar da ruwan, na daina zuba taki, aka rage rassan bedi, na kafa wa yara doka. Wallahi akwai daren da na ga ƙasar gindin ta tsattsage, na ɗauko bokiti, sai na tuna maganar Kawu na mayar.

A watan Janairun 2022, ina shara da safe, na ɗaga kai na hangi huda guda huɗu ta gefen gabas. Na yar da tsintsiya na shiga na taso maigida. Ya fito ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alkawari kaya ne." Ɗaki ɗaya ya gina maimakon biyu, kuma har yau idan kuɗin makaranta ya matso yakan tuna mani.

Hudar nan duk ta zube, Kawu ya ce ba komai, dama ko a babban icce kaɗan ce ke ɗaura ɗa. A 2023 iccen ya yi fari fat, ya kuma riƙe 'ya'ya. Ranar da na farko ya nuna na wanke shi na yi bismillah na gatsa. Ƙarami ne, ga zare cike da haƙora. Ba mangwaron Baba ba ne. Na zauna a gindin na sha kuka.

Da na kai wa Kawu ƙorafi sai ya ce dama ƙwallon irin wannan ɗan auren ba ya gado uwarsa, ya ƙi faɗa mani ne tun farko don kada in bari a sare. Sannan ya kai ni bayan gidansa ya nuna mani wani icce, ya ce tun Baba na da rai ya yanko reshe daga na bakin rijiya ya aura a nan. A daminar shekarar ya zo da tsinke uku ya aura a jikin nawa, biyu suka kama.

Bana ɗaya daga cikinsu ya fitar da huda, Kawu ya ce in tsinke ta don reshen ya ƙara ƙarfi, in jira baɗi. Na tsinke, hannuna na rawa.

Saboda haka 'yar'uwa mai lemo, kafin ki je wajen malami ki ƙidaya shekarun iccen, ki duba ruwansa da takinsa da ranar da yake samu. Ku kuma makaranta ina roƙon ku addu'a ga Baba da sauran magabatanmu. Mako mai zuwa za mu ci gaba daga inda muka tsaya, in Allah ya kai mu.