Kafin mu isa Disneyland

Tun ranar da na yi wa yarana alƙawarin kai su Disneyland ta Faris in sun ci jarrabawa, ba a sake wata hira a gidanmu ba. Sun ci, kuma alƙawari kaya ne. Wurin wasannin yana Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da birnin. An buɗe shi a 1992, kuma jirgin ƙasa na RER A yana sauke mutum dab da ƙofarsa. Na haɗa takardun neman biza, na lissafa kuɗin jirgi da masauki, na nemi inda ake sayar da abincin halal.

Saura harshe. Kullum bayan sallar isha'i mukan zauna a tabarma muna maimaita bonjour da merci. Malaminmu wani tela ne, mutumin Maraɗi, da ke unguwarmu. Shi ya gargaɗe mu cewa Bafaranshe yana ɗaukar rashin ladabi ne a shiga kantinsa a hau tambaya ba a gaishe shi ba, tamkar shiga gida babu sallama.

A nan kunya ta kama ni. Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, maƙwabtanmu duka huɗu, da Faransanci suke karatun boko, amma sai da lilon Turai ya kira ni na nemi koyon gaisuwarsa. Har yanzu bizar ba ta fito ba. Ko ta fito ko ba ta fito ba, na riga na biya malam kuɗin wata shida.