Wa Ya Fara Kawo Injin Niƙa?

A ƙasarmu ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, tarihin sarauta yana da masu tsaronsa, domin maroƙa na riƙe da sunayen hakimai, littattafai ma sun adana su. Wanda ba shi da mai tsaro shi ne tarihin kasuwa: wa ya fara kawo injin niƙa, wa ya buɗe kantin magani, wa ya soma gasa burodi. Wannan sai a bakin dattawa, a majalisar bayan la'asar. A can na tsince shi ina yaro, a gefen tabarmar kakana.

Da wuya a ɗauko labari a wannan majalisa ba tare da baƙo ya shigo ciki ba. Dattawan sun ce auduga ce ta jawo mafi yawansu. Gonar irin auduga ta Daudawa da tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa sun tara 'yan ci-rani daga Sakkwato da Gobir da Maraɗi. Wani ya zo da niyyar rani guda, damina arba'in ta riske shi yana da rumfa da jikoki. Bayan su sai Yarabawa da keken ɗinki, Ibo da kayan gyaran mota da magani. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma raɓar da ta sauka a garinmu ta zama rijiya.

Labarin da kakana ya fi so shi ne na wani Ibo mai kanti da ya gudu a rikicin 1966, ya bar mabuɗi a hannun mai masaukinsa. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1970 ya dawo, aka miƙa masa mabuɗin da kuɗin kayan da aka sayar don kada su lalace. Nan take gardama kan ɓarke: wannan ya ce fam goma ne, wancan ya rantse goma sha biyu ne. Gardamar ce ke tace labarin, domin ba mai iya ƙara gishiri a gaban shaidu.

Yau shaidun sun watse. Ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duniya ta san sunan garin ta mummunar ƙofa. A 2021, don daƙile maharan, gwamnatin jiha ta hana sayar da dabbobi a kasuwanninmu, ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka kuma katse layukan waya. Masu shaguna da dama sun yi ƙaura. Kakana ya rasu a gidan haya a Funtuwa, yana baƙo, shi da ya shekara saba'in yana saukar baƙi.

A zaman makokinsa na gane abin da muke gab da rasawa. Yaron da ya tashi bai taɓa jin labarin mabuɗin nan ba, baƙuwar fuska abin tsoro ce kawai a wurinsa, kuma ba zan ga laifinsa ba. Amma garin da ya manta cewa baƙi sun sa hannu a gina shi, da wa zai sake ginuwa idan ƙura ta lafa?

Shi ya sa nake bin ragowar dattawanmu a Funtuwa da Zariya, ina naɗar muryoyinsu a waya. Ba na zama da mutum guda. Sai na haɗa biyu ko uku, don gardamar ta dawo. Makon jiya wani tsoho ya katse abokinsa da ƙarfi: "Haba Malam, ai ba a bakin tasha aka fara kafa injin ba!" Na gyara zama, na ce, "Baba, to a ina ne?"