Flagyl ɗin gidanmu da kyanwar yara

A yawancin gidajen da na sani akwai wata roba ko leda da ake tara ragowar magani, kuma da wuya ki buɗe ba ki tarar da Flagyl a ciki ba. Mun saba da shi kamar gishiri: ciki ya murɗa, Flagyl, yaro ya yi zawo, Flagyl, alhali yawancin zawon yara ruwan gishiri da sukari da zinc yake buƙata. Yanzu kuma maganin ya tsallaka zuwa dabbobin gida. Mata kan tare ni a gidan suna, tunda sun san aikin jinya nake yi, su ce kyanwar yara na gudawa, rabin ƙwaya za a ba ta ko kwata?

Amsata ba ta yi musu daɗi. Jikin ɗan Adam na karanta, dabba tana da nata likitan.

Sunan maganin na asali metronidazole. Yana kashe wasu ƙananan halittu da ake kira furotozuwa, irin su amiba mai kawo atuni. Likitocin dabbobi suna amfani da shi ga kare da kyanwa, har da tattabaru da kunkuru, amma sai sun auna nauyin dabbar sun lissafa. Ƙwayar miligiram 400 da ke cikin robarki don babban mutum aka yi ta, kyanwa kuwa kilo 3 zuwa 4 ce. Idan maganin ya yi yawa ko aka daɗe ana bayarwa, ƙwaƙwalwa yake taɓawa: dabbar ta riƙa tangaɗi, kai ya karkace, idanu na rawa, wani lokaci har da farfaɗiya. A nan ne wasu ke cewa iska ce ta buge ta, ko cutar ce ta tsananta, sai su ƙara wata ƙwayar. Abin yi shi ne a tsayar da maganin nan take a nemi likitan dabbobi, a tafi da kwalin. Yawancinsu suna farfaɗowa idan an tsayar da wuri.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Berenil, garin nan mai ruwan ɗorawa da ake jiƙawa a yi wa shanu allura saboda sammore. Sinadarin da ke ciki diminazene ne. Shanu suna jure shi, to sai mutane su ɗauka kowace dabba haka take. Kare idan an zarce masa kima ko an maimaita allurar kusa-kusa, yana iya samun lahani a ƙwaƙwalwa da ba ya gyaruwa. Raƙumi ma ba ya jure shi.

Masu doki a gida, ga taku. Wasu abincin kajin gona ana haɗa su da maganin zawon jini na kaji, irin su monensin. Ga kaza kariya ce, ga doki guba ce mai lalata tsokar zuciya, kuma kaɗan ya isa. Yaro mai son dokin babansa zai iya ɗibar abincin kaji ya zuba masa cikin dusa da kyakkyawar niyya. Ku raba ma'ajiyar buhunan, ku raba kwanon awo, ku faɗa wa yara dalili.

Sai batun tukunyarmu. Kaza ko akuyar da aka yi wa magani, akwai kwanakin da ake jira kafin a ci ƙwai ko nama ko a sha nono, kuma a jikin kwalin ake rubuta su. Metronidazole kuwa a Turai da Amurka an hana ba da shi ga dabbar da za a ci. Ni dai ba na dafa wa yarana ƙwan kazar da aka zuba wa Flagyl a ruwan sha, ko da maƙwabciya ce ta aiko da shi kyauta. Idan kuma aka sayo maganin dabba, kada ya shiga robar nan ta gida; a rubuta sunan dabbar a jiki, a ajiye shi sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.