Lambun Ƙaya A Barnawa

'Yan'uwana mata, ran Asabar na ƙetare gadar Kaduna zuwa Barnawa don in gai da wata ƙawata da muka yi makarantar horon malamai tare. Ina shiga gidan sai na tsaya turus. Gwangwanayen madara da tsofaffin kasake jere a gindin bango, kowanne da ɗan tsironsa mai ƙaya.

Akwai ƙyarana, wadda mutanen kudancin Zariya da na Jos ke shinge da ita, akwai tinya da fiɗa-sartse. Sa'an nan ga waɗansu kamar gwanda mai gashi, watau kaktus, wanda asalinsa daga ƙasashen Amurka ne, musamman Meksiko. Wanda ta fi so kuwa wata 'yar ƙyarana ce da ta yanko a ƙauyen kakarta.

Renonsu ba wuya. Ki yanki reshe, ki bar shi inuwa kwana bakwai bakin ya bushe, ki dasa cikin rairayi da tsakuwa. Ki huda gindin gwangwanin. Da rani ruwa kaɗan ya ishe su, amma ruwan Agusta na Kaduna kan ruɓar da su, sai ki mai da su ƙarƙashin rumfa.

Amma fa a yi hattara. Farin nonon ƙyarana da tinya guba ne, har maharba kan sa na tinya a dafin kibiya. In ya shiga idon yaro, ki yi ta wankewa da ruwa mai tsabta, ki kai shi asibiti nan da nan. Ƙawata kan ɗora nata bisa katanga, inda hannun ɗanta ba ya kaiwa.

Na komo da reshe biyu cikin takarda.