Jaka uku cikin jaka ɗaya

Duk tafiyar kwana biyu ko uku da zan yi, ko ta gasar kacici-kacici ce ko ta ziyarar Sallah, ba na cusa kaya haka kawai. Ina raba su cikin ƙananan jakunkuna masu zif, sannan in jera su a babbar jakata.

Ana sayar da su shida ko takwas a haɗe, amma uku sun ishe ni. Babbar ta kayan sawa ce, waɗanda nake naɗewa kamar tabarma. Matsakaiciyar ta safa da singileti da sauran kayan ciki. Ƙaramar, wadda ruwa ba ya ratsawa, ta soso da sabulu da man shafawa, don kada mai ya ɓata mini farar riga.

Kafin in saya ina auna cikin jakata, sannan in duba abu biyu: zif, domin shi ke fara lalacewa, da murfin raga, don in ga abin da ke ciki ba sai na buɗe ba.

Ku sani, ba sa rage nauyi. Ko masu zif biyu da ke matse kaya, wuri kawai suke ragewa. Babban amfaninsu a wurina rufin asiri ne. Idan malami ya ce a buɗe jaka a duba, kayan cikina ba sa watsewa a gaban jama'a.

Wanda kuɗinsa bai kai ba kada ya matsa wa iyaye. Ya kai wa tela ragowar atamfa da zif uku, aiki ya kammala.