Kayan Sin a Ɗakunan Iyayenmu



Mu 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, idan aka ce kowa ya lissafa kayan adon ɗakin mahaifiyarsa, amsarmu kusan ɗaya ce. Akwai furannin roba a kan kabad, da kofunan tangaran masu zanen shuɗi, da jan filas mai hoton fure, da labule mai zanen gora. Da su muka buɗe ido, mu ne kuma masu goge su ranar Asabar. Yawancinsu daga ƙasar Sin aka kawo su, ko kuma zanen Sinawa aka kwaikwaya.

Wannan ado ba yau ya shigo gidajenmu ba. Kakanninmu mata suna jera kwanuka masu fenti a ɗaki tun daga ƙasa har kusa da rufi, kuma da yawan jeren ake gane gatan amarya. A wajajen 1960 wasu 'yan kasuwa daga Hong Kong sun kafa masana'antun yin irin waɗannan kwanuka a Najeriya, har da Kano. Shi kuwa tangaran, Sinawa ne suka fara yin sa. Garin Jingdezhen ya haura shekara 1000 yana wannan sana'a. Da wata farar ƙasa ake gina shi, a gasa a wutar da zafinta ya wuce digiri 1200, shi ya sa yake da santsi da ƙara idan an ƙwanƙwasa.

Abin da ya ba mu sha'awa shi ne, zanen nan ba don kyau kawai aka yi shi ba. A wurin Sinawa launin ja alamar farin ciki ne, amarensu ma ja suke sawa a al'adance. Gora tana nufin juriya, domin iska tana lanƙwasa ta amma ba ta karya ta. Kifi yana nufin yalwa, saboda a harshensu kalmar kifi da ta rara furucinsu ɗaya ne. Wani jan rubutu da ake gani a tsakiyar tsofaffin kwanuka da tire, kalmar farin ciki ce aka rubuta sau biyu a manne, don ango da amarya.

To amma akwai abubuwa biyu da suke damun mu. Na farko, muna rataye abin da ba mu san ma'anarsa ba. Wannan dodo mai kama da maciji, Sinawa sun ɗauke shi alamar ƙarfi da sarauta. A gidajenmu da yawa kuwa iyaye ba sa yarda da hoton abu mai rai ko gunki a ɗaki. Ya kamata mai saye ya tambaya kafin ya biya kuɗi.

Na biyu ya fi taɓa mu. A cikinmu akwai waɗanda da kuɗin saƙar faifai da tabarma iyayensu mata suke saya musu littafi da biro. Akwai 'ya'yan masu sassaƙa ƙwarya da masu gina tukwane. Duk lokacin da furen roba ya kori faifai daga bango, cinikin wata uwa ne ya ragu, kuma ɗanta na zaune a benci ɗaya da mu. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ba muna cewa a zubar da kayan Sin ba ne. Shawararmu ita ce a haɗa. A ajiye tangaran a kabad, a rataye faifai uku ko huɗu masu launi a bango, a shimfiɗa tabarma a ƙasa. Ja da shuɗin tangaran suna dacewa da rinin faifai sosai.

Muna kuma roƙon malamin zane ya koya mana yin jar fitilar takarda irin ta Sinawa, tunda su ne suka ƙirƙiro takarda. Kwali da almakashi da gam sun wadatar, sai dai kada a kunna kyandir a ciki saboda gobara. Mako na gaba kuma a gayyato ɗaya daga cikin iyayenmu mata ta koya mana saƙar faifai.