Ƙauyen da Manya Ke Koyon Yaren Kakanninsu

A arewa maso yammacin Wales, cikin Birtaniya, akwai wani ƙauye a gindin dutse, daf da teku, ana ce masa Nant Gwrtheyrn. Hanyar shigarsa gangare ce mai ban tsoro, da salati na sauka. Masu fasa dutse ne suka zauna nan a da. Da aikin ya mutu suka watse, wurin ya zama kufai. A 1978 wani likita, Carl Clowes, ya haɗa kai da abokansa suka kafa ƙungiya don sayen kufan, aka gyara gidajen, kuma tun 1982 ake koyar da manya yaren Welsh a cikinsu.

Manya fa, masu furfura! Na zauna kusa da wata dattijuwa, tabarau a karan hanci, tana bin baƙi da yatsa, tana ta maimaita jimla ɗaya har harshenta ya faɗa. Ta ce a zamanin kakanninta, yaron da aka ji yana yaren a makaranta wani katako ake rataya masa a wuya, wanda aka tashi yana wuyansa shi ke shan bulala. Da haka iyaye da yawa suka daina yin yaren da 'ya'yansu. Jikina ya yi sanyi, domin mu ma a makarantarmu ta Dutsin-Ma monita na rubuta sunan mai yin Hausa a aji.

A garin Caernarfon kuwa da yaren ake ciniki. Na ga mai kanti da ɗan bajo ruwan lemo a ƙirji, alamar duk mai koyo ya yi masa yaren ba jin kunya. Ya tsaya yana jiran wani saurayi ya harhaɗa maganarsa, bai katse shi da Turanci ba. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin yaren a faɗin Wales 538,300 ne, amma gwamnatinsu ta ɗaura ɗamarar kai su miliyan ɗaya kafin 2050.

Hausa dai ba ta cikin wannan hali. Fillanci ne ya tsaya mini a rai. A kasuwar Kurfi da rugagen gefen dam ɗin Zobe, sau nawa kaka ke yi wa jika Fillanci yana amsa mata da Hausa? Burina in ga ajin yamma na manya a Kwalejin Isa Kaita ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, a ɗauko tsofaffin ruga su koyar, a kuma biya su.